Motsa Jikin da Ya Jawo Mini Buhun Gero

Ina tafe a ƙasa kan hanyar Dingyadi, gumi sharkaf, sai ga Kawu Mamman bisa kekensa.

Lokacin tsuke bakin aljihu ne, a Jamhuriya ta Biyu. Likita ya ce tumbina ya yi yawa. Tunda na tsani guje-guje, in ajiye babur in riƙa takawa kullum har in yi gumi, ya wadatar.

Kawu ya dube ni ya ce, "Ɗana, har babur ɗin ka saishe?"

"Motsa jiki nikai, Kawu."

"Allah shi ruhwa asiri. Ni za ka ɓoye ma?"

Washegari ya aiko da buhun gero gidana a Bodinga. Kafin geron nan ya ƙare, tumbin ya ninka.

Ku ma tausayin dangi ya taɓa ɓata muku shiri haka?