Mutumin da ya riƙe mini murya

Ranar Talata bayan azahar ina rumfata ina jera littattafai, sai Labbo, ƙanen Malam Arzika mai lasifika, ya tsaya a bakin ƙofa bai ko kashe babur ba. Ya ce, "Alaramma, yayana ya cika da hantsi." Na ce daga Allah muke, gare shi za mu koma. Kwanansa tara a asibiti a Sakkwato. An kawo shi Illela bayan la'asar, kafin magariba mun rufe shi.

Duk wanda ya halarci wa'azi ko walima a garin nan ya ji aikin Malam Arzika, ko da bai san fuskarsa ba. Har ƙauyukan Araba da Tozai da tsallaken iyaka ana ɗaukarsa da kayansa. Mutum ne gajere, marar yawan magana, mai tsananin tsabtar wayoyinsa. In ka taka masa waya ba zai yi faɗa ba, zai dai dube ka har ka ɗage ƙafa da kanka. Ni kuwa mai jan baki ne a tafsirin azumi na masallacin unguwarmu: in karanta aya, malamin tafsiri ya fassara. Shekara goma sha huɗu muna zama wuri ɗaya, ni a gaban makirufo, Malam Arzika a gefe kan tabarma da na'urorinsa.

A cikin kayan nan akwai wata na'ura da ake kira kwamfuresa. Aikinta ta danne murya in ta yi sama da yawa, don a samu damar ɗaga sauran ba tare da lasifika ta tsage kunnen jama'a ba. Yawancin masu sana'ar nan matse ta suke yi iyakar matsewa, saboda a wurinmu in abu bai yi ƙara ba gani ake ba a yi aiki ba. Malam Arzika bai yarda da wannan ba. Yakan ce, "Igiya anka ɗaura ma akuya don kat ta yi ɓanna, ba don a shaƙe ta ba."

Shekara shida da suka wuce aka yi mini aiki a maƙogwaro. Na warke, amma muryar ba ta dawo yadda take ba. In na sassauta sai ta ɓace, in na ɗaga sai ta fito da ƙarfi kamar an ɓalle marfi. Ranar farko ta tafsirin shekarar Malam Arzika yana Araba wurin wani taro, aka kawo wani mai kayan sauti. Da ya ji yadda muryata ke hawa da sauka, sai ya matse kwamfuresar ƙwarai. Muryar ta daidaita kam, amma ta fito a dishe, kamar mai magana cikin tulu. Ya ƙara mata kaifi don ya gyara, lasifika ta hau kuka. Mata da ke bayan zana suka aiko cewa suna jin amo amma ba sa jin harafi.

Bayan isha'i kwamitin masallaci ya zauna, aka ce a nemo wani mai jan bakin. Ban ga laifinsu ba. Amma kujerar jan bakin nan ta mahaifina ce kafin ni, kuma ban iya wani abu da mutane suka san ni da shi ba sai ita. Raina ya ɓaci matuƙa, na tafi gida ban yi wa kowa sallama ba.

Da safe Malam Arzika ya dawo, ya ji labari, ya je ya sami shugaban kwamitin. Abin da ya ce masa kaɗan ne: "Alhaji, muryar Alaramma ba ta mutu ba, shaƙe ta anka yi. Ku ba ni yini guda. In ba a ji shi ba, ku aza wanda kunka so."

Da hantsi ya kira ni masallaci, babu kowa. Ya matso da makirufo har ya rage tazarar yatsu huɗu da bakina. Ya ce, "Mi kaka tsoro? Karanta awa kana ɗakinka, kak ka matsa ma kanka." Na karanta shafi ɗaya sau huɗu. Kowane karo sai ya taka har bayan zana ya tsaya ya saurara, ya dawo ya taɓa maɓalli kaɗan. Ya sassauta na'urar ta yadda sai na yi sama sosai take kamawa, kuma ko ta kama, fitila biyu kawai ke kunnuwa a jikinta, alamar kaɗan ta danne. Ya rage mata saurin cafka, ya ce a bar bakin harafi ya wuce tukuna, don a nan hasken magana yake. Kaifin da aka ƙara jiya ya mayar da shi inda yake.

Sauran aikin da hannu ya yi shi. Ba mahaddaci ba ne, amma ya san halina: a ayoyin azaba nakan ɗaga, a na rahama nakan yi ƙasa. Yatsansa na kan maɓallin ƙara daga bisimilla har addu'a, yana riga ni da numfashi ɗaya. Da na tambaye shi me ya hana ya bar wa na'ura, ya ce, "Na'ura ba ta san aya ba, ƙarfi ɗai tas sani."

Da la'asar na karanta, aka ji ni har bakin titi. Kwamiti bai sake tayar da zancen ba. Aka shiga cewa muryar Alaramma ta dawo, har da masu cewa ta fi da. Ni kuma na riƙa amsa barka ina cewa ikon Allah ne. Ikon Allah ne kuwa, amma na san ta hannun wa ya biyo, kuma ban taɓa faɗa ba. Shi ma bai faɗa ba. Azumi shida bai karɓi aikin kowa da la'asar ba sai namu, ko da na tsallaken iyaka ne, kuma bai taɓa nuna mini cewa saboda ni ne ba. Wannan shirun nawa yana damuna yanzu, kuma na ji kunyarsa.

Bayan addu'ar uku na tsayar da shugaban kwamiti a ƙofar gidan mamacin, na gaya masa gaskiya: muryata ba ta taɓa dawowa ba. Ya ce a bari a gani, Labbo ya iya kayan. Labbo ya iya, amma ni na san abin da ke maƙogwarona. Saura wata biyu azumi. Idan kun ga wani a kujerar jan baki bana, kada ku tambayi dalili. Dalilin, ranar Talata muka binne shi.

Allah ya jiƙan Malam Arzika, ya yafe masa kurakuransa, ya yalwata masa kabarinsa. Duk harafin da ya isa kunnen wani ta hannunsa, Allah ya sa shi a mizaninsa. Ya ba iyalinsa da 'ya'yansa biyar haƙuri, ya tsaya musu yadda ya tsaya wa wasu ba tare da an sani ba. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.