Zaren da Ba'indiya ta ɗaura wa Nasiru

Tsakiyar damina ce, a shekarar da tsadar mota ta sa sai mutum ya yi shawara da zuciyarsa kafin ya je gaisuwa. Ruwa kullum, wanki ba ya bushewa a igiya. A haka muke haɗa lefen ɗana Nasiru kaɗan-kaɗan. Direba ne a wani kamfanin fasa dutse a Mpape, can yake kwana, sai Asabar yake zuwa mana Masaka.

Wata Asabar ya zo da jan zare a wuyan hannu. Ya ce matar ogansa, Ba'indiya, ita ta ɗaura masa, wai al'adarsu ce, kuma ya yi mata alkawarin ba zai cire ba sai an kwana biyu. Da zaren ya tafi zance wurin Rumasa'u, yarinyar da zai aura. Kafin Litinin uwarta ta aiko mini cewa a dakata da kawo lefe, sun ji wata mace ta ɗaure yaron. Malam, maigidana, ya ce in je in gani da idona. Ban gaya wa Nasiru ba.

Masaka zuwa Nyanya

Na fita bayan asuba ana yayyafi. Wata ƙaramar mota mai baƙin gilas ta tsaya, direban yana cewa saura mutum ɗaya. Na tuna labarin masu sace fasinja, na ce Allah ya kiyaye hanya, na jira bas.

A Mararaba muka shiga gosulo. Ni ba mai yawan magana ba ce, amma gosulo yana buɗe baki. Na tambayi matar da ke kusa da ni inda ake hawa motar Mpape, daga nan zance ya fito. Wani Alhaji Bakano da ke bayanmu, ashe kunnensa yana wurinmu.

"Hajiya, ba kya kallon fim ɗinsu ne? Zaren 'yan'uwantaka ne, mace ke ɗaura wa ɗan'uwanta."

"Fim daban, duniya daban," in ji matar. "Ina aka kai Indiya asiri?"

"Kin ji ki! Keken da kike hawa su suka ƙera, ƙwayar hawan jininki daga can take, mijinki ya kwanta can za ki nema masa asibiti. Duk wannan ba ki ji tsoro ba, sai zare?"

"Ai wanda ya iya magani shi ya iya cuta, Alhaji."

Aka yi dariya. Ni dai maganarta ce ta fi zauna mini.

Nyanya zuwa Mpape

A tashar Nyanya na canja mota. Sojoji sun tsayar da mu a shinge, suka leƙa, suka ce mu wuce. Da hantsi na sauka a mahaɗar Mpape, na hau acaɓa. Hanya ce ta hawa, ga taɓo, ga tifofi suna gangarowa da tsakuwa. Da na faɗi sunan kamfanin sai ɗan acaɓan ya ce, "Gidan Indiyawa? Mama, ko nama ba sa ci." Na ce a raina, wanda ba ya cin nama me yake ci?

A gidan

Wata dattijuwa mai suna Ladi, mutuniyar Filato, ita ke musu girki, ita ta shigar da ni, ita ce kuma tafinta. Matar gidan sunanta Kabita, siririya, za ta girmi Nasiru kaɗan. Da ta ji ko ni wace ce sai ta sunkuya ta taɓa ƙafafuna. Na janye da sauri.

"Mama, kar ka ji tsoro," in ji Ladi. "Haka suna gaida manya."

A kusurwar falo na hango ƙaramar fitila tana ci a gaban wasu hotuna, ga turare. Na kau da kai. Aka kawo shayi mai citta da wata alewar madara. Na riƙe kofin, ban kai baki ba.

Na ce Ladi ta tambaye ta, a hankali, me ɗana ya yi aka ɗaure shi.

Kabita ta ce, ta bakin Ladi, a ƙasarsu akwai rana guda a damina da mace ke ɗaura wa ɗan'uwanta zare, shi kuma ya ɗauki alkawarin tsaya mata. Tun kakanni ake yi, ko an aurar da mace gari mai nisa ranar sai sun nemi juna. Wanda ba jini ɗaya ba ma, in aka ɗaura masa ya zama ɗan'uwa, aure ya haramta. Ƙaninta ɗaya ne, ya rasu lokacin korona. Bara mijinta ya faɗi a wurin aiki, Nasiru ya kai shi asibiti cikin ruwan sama, bai tafi ba sai da ya farfaɗo.

Labarin ya yi daɗi, amma mai son abinka ba ya rasa daɗin baki. Na ce, "An yi wa zaren addu'a a gaban fitilar can?"

Ta ce e, ta roƙa masa tsawon rai a irin nata addinin. Amma Nasiru bai matsa kusa ba, jan abin da suke ɗigawa a goshi ma ya ƙi. Da ta ce mini a'a, da na san ƙarya ce, da na tashi na tafi.

Sai na ce, "To a wurinmu, 'yan'uwan ango mata su ke kai lefe gidan amarya. In yayarsa ce ke, ki ɗauki akwati a gaban mutane ki kai wa Rumasa'u."

Ina kallon fuskarta ne, ba bakin Ladi ba. Kafin Ladi ta ƙarasa ta miƙe tana tafa hannu, tana tambaya wace rana ce, wace kala amarya ke so, za a bari ta zana mata lalle?

Aka kira Nasiru daga gareji. Da ya gan ni sai ya tsaya a ƙofa.

"Inna, lafiya?"

"Lafiya ce ta kawo ni. Zauna."

Na ce da Kabita na karɓi zumunci, amma zaren da aka yi wa addu'ar da ba tamu ba, ba zan so ɗana ya ci gaba da salla da shi ba. Wanda ya ɗaura shi ya fi dacewa ya kwance. Idonta ya cika, amma ta ce dama kwana kaɗan ake barinsa. Ta kwance da hannunta. A lokacin na kurɓi shayin. Ya huce, amma yana da daɗi.

Komawa

Nasiru ya rako ni har mahaɗa yana cewa, "Inna, da kin tambaye ni ai." Na ce na tambaye ka, ka ce mini al'ada ce, al'ada kuwa ba ta hana a fasa aure. Ruwa ya sake kama mu a Nyanya, na isa gida ana kiran la'asar. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na gode wa Ladi da ta ara mini bakinta. Fitilar nan dai har yanzu ban sake da ita ba, kuma na gaya wa Nasiru iyakarsa ƙofar falo.

Da gari ya waye na yafa mayafina na tafi gidan su Rumasa'u. Na ba uwarta labari tun daga farko. Ta ce, "Ke kin yarda da ita?"

Na ce, "Ki sa mana rana. In ta ɗauko akwatin, ke ma ki kalli fuskarta."

Ta ce mu zo Lahadin sama.