Mai Kumbo da Tukunyar Ƙarfe

Abokan aikinsa a masana'antar narka ƙarfe ne suka laƙaba masa Mai Kumbo, don tsokana. Tun yana saurayi ba a raba aljihunsa da tsofaffin littattafan ƙagaggun labarai, masu jiragen ƙarfe da ke ratsa taurari. A cikinsu ya fara karanta cewa ɗan gawayi kaɗan ne ke ba ƙarfe tauri. Shi ya sa duk shafin da ya gama sai ya yage shi, ya jefa cikin tukunyar narkakken ƙarfe kafin a juye. Shugaban sashensu ya yi faɗa har ya gaji.

"Takarda ma gawayi ce in ta ƙone," yakan ce masa. "Ka bar ƙarfen ya san inda za shi."

Yanzu masana'antar a rufe take, idanunsa sun dushe, kunne ɗaya ya mutu. Ran nan mijin 'yarsa ya same shi yana shan iska a barandar gidansu, can ƙololuwar wani dogon bene, ya ce cikin raha, "Baba, ina kumbon? Ai duk ƙarfen naku rodin gini aka yi da shi."

Tsohon bai yi dariya ba. Ya doka sandarsa a daɓe.

"Rodin wa ke riƙe da kai a nan, tsakanin sama da ƙasa? Ni na ɗaga ka har nan. In ba ku ƙarasa sama ba, ku tuhumi kanku, ba ƙarfena ba."