Fatihu da Jakadun Shanghai

Tun da Fatihu ya zo karatu nan ƙasar waje, a unguwar Lembah Pantai, yake zagin mutanen da suka daɗe a kabari. Digirinsa na uku a kan wata unguwa ce ta birnin Shanghai, wadda Turawa ke mulki lokacin yaƙin Sin da Japan. A harbe ɗan jarida a bakin titi, ko a jefa bam a gidan shayi, washegari jakadu su taru su ce sun damu matuƙa, suna kuma bibiyar lamarin. Abin da ya tsaya masa a rai ke nan. Ɗakinmu ɗaya, don haka ni na sha wahalar. Ko a mamak, shagon shayi da abinci, muka zauna, shayinsa sai ya huce yana faɗa da su.

"Gawa a ƙasa, su suna gyara waƙafi," in ji shi. "Ko kunya ba sa ji."

Saboda wannan bakin nasa muka naɗa shi shugaban ƙungiyar Hausawanmu, ya karɓa yana washe haƙora. Sai ga korona.

A unguwar Masjid India aka zagaye wasu benaye da waya mai ƙaya saboda cutar, ba shiga ba fita. Kalilu, mai sayar wa ɗalibai jallabiya da hijabi, ya je ɗaukar kaya wajen abokin cinikinsa, aka rufe da shi. Da aka zo duba takardu aka tarar bizarsa ta ƙare, aka sa shi a mota. Matarsa Hajjo tana unguwar Danau Kota da goyon ɗansu Adnan, ba ta san inda aka kai shi ba.

Fatihu ya yi ta buga waya har kunnensa ya yi zafi. Nan a rufe, can a ce ya turo saƙo, wani ya ce masa "cannot lah", wato ba zai yiwu ba, ya ajiye. Kullum bayan la'asar Hajjo za ta kira, ni kuwa ina jin amsar da yake ba ta: ana ƙoƙari, an yi magana da manya, ta ƙara haƙuri. Bakina ya yi ƙaiƙayi in ce masa ranka ya daɗe jakada, amma da na dubi fuskarsa sai na haɗiye. Tausayi ya ba ni ƙwarai. Ya rame, ya daina buɗe littattafansa, barci ma sai a zaune.

Ran nan tana kira ya fara karanto mata abin da ya saba, sai ta katse shi. Wayar na kan sifika, na ji komai.

"Malam Fatihu, don girman Allah ka faɗa min gaskiya. Akwai wanda ya gan shi da idonsa?"

Fatihu ya jawo wayar kusa da bakinsa.

"Babu, Maman Adnan. Ni yanzu ban ma san wanda zan tambaya ba."

"To, na gode," in ji ta. "Da tun farko haka ka ce min, ai da na daina girkin mutum biyu."