Hukuncin Kwano: Shekara Shida Babu Yaya Mudi

Yau shekara shida cif da muka raka Yaya Mudi makwancinsa. Ni ce autar gidanmu, malamar firamare, kuma har yanzu ina nan a layin da muka tashi a Unguwar Kanawa. Yaya ya yi aikin gwamnati har ya yi ritaya, bai tara abin duniya ba. Amma ya riƙe wata sarauta da ya fi ji da ita fiye da duk muƙamin ofis: shi ne admin na guruf ɗin layinmu a waya.

An buɗe guruf ɗin ne don maganar taransifoma da 'yan sintiri. Kafin a ankara ya koma dandali. Da asuba, kafin a ɗora ruwan koko, Malam Isufu zai fara. Malam Isufu mutumin Maraɗi ne, mai gyaran agogo a Kawo, ya fi shekara talatin a layinmu. Zai rubuto: "'Yan Najeriya, an kawo wuta ko in aiko muku da aci-balbal?" Yaya kuma ba ya barin ta kwana. Zai ce wutarmu tana can gidanku, mun ba ku aro ne ku ga hanyar dafa shayi. Daga nan sai kowa ya shigo, har Madam Rifkatu, nas ɗin da ke ƙarshen layi, wadda aikinta shi ne zuga kowane ɓangare. Haka ake yi kullum, ba a taɓa jin wani ya yi fushi ba.

Shi ya sa ban ga laifina ba ranar da na tura wata murya da aka turo mini daga wani guruf. Wani ne yake kwaikwayon Hausar mutanen Nijar, wai baƙo ya shigo birni ya durƙusa yana gaida fitilar kan titi. Ni dai na yi dariya har da hawaye. Ko minti biyar ba a yi ba na ga an cire ni. Yayana, uwa ɗaya uba ɗaya! Na saka mayafi na same shi a ƙofar gida yana jin rediyo.

"Yaya, kai da kullum kake kan Malam Isufu, ni ce za ka kora?"

"Ni da Isufu kwano ɗaya muke ci," in ji shi. "Abin da na faɗa nawa ne, da sunansa na kira shi, kuma yana da bakin ramawa. Wannan da kika turo, wa ya yi shi? In Isufu zai rama, a kan wa zai rama?"

Hukuncin da ya yanke mini shi ne wanda ya zama dokar guruf: duk wanda ya yi ba'a ga mutanen da bai taɓa cin abincinsu ba, sai ya je gidansu ya ci kafin a maido shi. Mutanen layi suka sa masa suna hukuncin kwano. Na tafi gidan Malam Isufu ina cika ina batsewa. Matarsa Rabi ta zubo mini dambun zogale, ta zauna ta yi ta kwaikwayon yadda mu 'yan Kaduna muke cusa Turanci a kowace jimla, har sai da na kusa shaƙewa. Daga wannan kwanon muka zama ƙawaye. Ita ta kwana da ni a asibiti lokacin haihuwata ta ƙarshe.

Sai daga baya na gane Yaya bai ƙirƙiri komai ba. Wasan taubasai ne, irin na Fulani da Barebari, ko Kanawa da Zazzagawa, ya ɗauko ya zuba a waya. Kakanninmu sun san ba a yin wannan wasa a bayan ido, kuma wanda ka tsokana yau shi ne na farko a gidanka ranar da abu ya same ka.

Da Yaya ya rasu, mutanen layi suka ɗora mini admin, wai gado ne. Shekarun farko lafiya lau. Sai aka shiga lokacin nan da dangantaka ta yi tsami tsakanin ƙasashen biyu, aka rufe iyaka, wayoyi suka cika da hotuna da muryoyi na cin mutunci daga kowane ɓangare. Wani sabon maƙwabci, ma'aikacin banki da bai daɗe da tarewa ba, ya turo ɗaya daga cikinsu. Ba mugu ba ne, ya ga kowa na turawa ne. Washegari na duba na ga Malam Isufu ya fita daga guruf, bai ce da kowa uffan ba.

Na tsorata, kuma tsoro ba ya ba da shawara mai kyau. Na zauna na rubuta doka mai lamba ɗaya zuwa bakwai, irin wadda nake gani a manyan gurufa: an haramta duk wata ba'a da ta shafi ƙasa, ƙabila ko gari. Kowa ya yaba mini. Guruf ya yi tsit, ya koma allon sanarwa, daga rasuwa sai suna sai an ɗauke wuta. Garin gyaran gira na rasa ido. Ina yawan tambayar kaina me Yaya zai ce in ya ga dokata. Na san dai zai gyara zaman tabarau ya ce, "Malama, ke da kika hana yara faɗa, sai kika hana su fita tara gaba ɗaya?"

Malam Isufu bai dawo ba. Muna gaisawa a hanya, gaisuwa mai kyau, irin wadda ake yi wa baƙo. Rabi ce ta shaida mini kwanan baya cewa ya fara maganar su tattara su koma gida. Wannan ya tayar mini da hankali ƙwarai. Mutumin da ya riƙe makarar Yaya, a ce a hannuna zai bar layin nan?

Zumunci a ƙafa yake. Ranar Asabar da ta wuce na hau Keke Napep zuwa Kawo, na same shi a rumfarsa da gilashi a ido ɗaya yana tonon cikin wani agogo. Na fara ba shi haƙuri a kan abin da aka turo, ya ɗaga mini hannu.

"Malama, wanga ba shi ya hidda ni ba. Wanda bai san ka ba, mi zai ce ya yi maka zahi? Amma tun da Mudi ya tahi, babu wanda ya tsokane ni da sunana. Kowa sai ladabi yake mini. Na duba na ga ashe na koma baƙo."

Ban taɓa yi masa wasa ba, girmansa nake gani. Na kalli butar shayin da ke kan gawayi a gefensa, na rufe ido na ce, "Malam, shekara talatin kana gyaran agogo, amma har yau ba ka san lokacin daina shan shayi ba?"

Ya cire gilashin ya dube ni. Sai ya fashe da dariya, hawaye na bin gemunsa. "Bakin Mudi sak! Ku da ko kun ɗaura agogo goma sai kun makara?"

A ranar na goge dokokina bakwai, na maido da ɗaya tak, hukuncin kwano, na kuma maido Malam Isufu guruf. Ma'aikacin banki ya je ya ci dambun Rabi ranar Lahadi, an ce har da ƙari.

Yaya bai bar gidaje ba, bai bar suna a jikin wani titi ba. Abin da ya bari shi ne layin da mutum zai tsokani maƙwabcinsa da safe, ya ɗauki gawarsa da yamma in ta kama. Ina kewarsa, kewa mai tsanani. Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka makwancinsa.

Yau da asuba wayata ta yi ƙara. Malam Isufu ne a guruf: "'Yan Najeriya, an kawo wuta ko in aiko muku da aci-balbal?" Babu wanda ya amsa. Duk layi sun gani, kuma na san wa suke jira. Na share idona na rubuta: "Wutarmu tana gidanku, Malam. Mun ba ku aro ne."