Nuna Mini da Yatsa

A daminar bana aka cika shekara bakwai da muka binne yayana Dauda a bayan 'yar majami'armu da ke kan hanyar Sandamu. Manomi ne, bai taɓa zama fasto ba. Amma shi ke riƙe da ajin manya bayan sujadar Lahadi, inda tsofaffi ke koyon karanta Littafi Mai Tsarki da kansu.

Yaya yana da wata ɗabi'a da ke ba ni haushi a lokacin. Yana cikin karatu, fuskar nan a murtuke, sai ya cusa maganar da babu ita a shafin. Ya taɓa karanta mana cewa mai cin goro ranar Lahadi ba zai shiga Mulkin Sama ba. Tsofaffi suka fara tofar da na bakinsu a ɓoye. Matarsa Rifkatu, wadda ta koyi karatu a ajin nan tana da jikoki, ita ce ta bugi benci ta ce, "Malam, nuna mini da yatsa!" Aka kwashe da dariya, ban da shi. Ya ce duk wanda ya tsaya a gabanmu da Littafin, ko shi ne, mu ce ya nuna. Na sha gaya masa wannan wasa ne da maganar Allah, shi kuwa sai ya ci gaba da gyaran fartanyarsa.

Bayan rasuwarsa ajin ya dawo hannuna, ni kuma na sake shi. Da damina in ce ana noma, da rani in ce mutane sun tafi ci-rani. Ba wanda ya yi ƙorafi, don yanzu kowa da wa'azi a cikin wayarsa. Da Yaya zai leƙo ya ga Littattafan nan a rufe a kan cinyoyi, ban san da wane ido zan dube shi ba.

Watan jiya wani baƙon mai wa'azi ya zo mana da lasifika. Ya ɗaga Littafin sama, a rufe, ya ce a rubuce yake cewa mai shan maganin asibiti ya yi shakkar Ubangijinsa. Ɗaki ya ɗauki Amin. Na san babu wannan a ko'ina. Na dubi dattawa, dattawa suka dubi ƙasa, don a wajenmu ba a ƙaryata baƙo a gaban jama'a, balle wanda aka yanka wa kaza. Ni ma na yi shiru, kuma har yau kunyar shirun nan ba ta sake ni ba.

Rifkatu tana da ciwon suga. Tun ranar ta ajiye maganinta a kan taga. Na same ta duk ta rame, randa a gefenta, sai kwankwaɗar ruwa take yi. Na ce, "Haba Yaya Rifkatu, ke da kika kama Yaya a kan goro?"

Ta ce, "Bitrus, wancan mijina ne, na san ƙaryarsa. Wannan bawan Allah ne daga nesa."

Lahadin da ta wuce na buɗe ajin. Na yi yadda Yaya ke yi, na ƙara abin da babu shi, na dakata. Suka ce Amin. Rifkatu kaɗai ce ke bin layi da yatsa, ta kai ƙarshe ta dawo farko. Can ta ɗago ta ce, "Ban gan shi ba. Amma idona ne, ko?"

Na ce mata ba idonta ba ne, babu shi, kuma na baƙon ma babu shi.

Ta ce, "To, ya ce zai dawo bayan girbi. Kai za ka tashi ka ce ya nuna, ko ni?"

Abin da ya rage mana na Yaya ke nan: yatsan tsohuwa ɗaya a kan shafi. Jiya na biya ta gidanta, maganin yana nan a kan taga, ta ce sai ta ji amsar baƙon da kunnenta. Ga gero kuwa bai daɗe da fitar da kai ba.