Kaka Illo da Ragonsa Robine

Yau shekara uku ke nan da rasuwar kakana, Malam Illo na unguwar Zariya, Allah ya jiƙansa. Wasu jikoki gona aka bar musu, wasu shago. Ni Rabi, da yake kira amaryarsa yana tsokanata da cewa ban iya tuwo ba, rago ya bar mini. Ragon da ba ya riƙe fitsari.

A kasuwar Tibiri ya saye shi don layya. Ɗan kabu-kabun da ya ɗauko shi ya lanƙwasa shi a bayan moto kamar tabarma, ya ɗaure tamau, ya bi kowane rami da ke tsakanin Tibiri da Maraɗi. Da aka kwance shi, ƙafafun baya na ja da ƙasa. Layya ba ta halatta da mai aibi, sai aka sayi wani. Ƙafafun sun ɗan miƙe daga baya, amma fitsari ya ƙi tsayawa. Ni na raɗa masa suna Robine, wato famfo da Faransanci, don famfon gidanmu ma yakan ɗauke wani lokaci, shi kuwa bai taɓa ba.

Warin! Jama'a, ƙudajen unguwarmu sai da suka kai ƙara. Kullum da safe Kaka zai tsuguna da bokiti yana wanke masa ciki da cinya don kada fatar ta ci, ni ina zuba ruwa ina toshe hanci da mayafi. In na yi tsaki sai ya ce, "Amarya, ba da gangan yake ba. Bayansa aka karya, mu muka karya."

Bara Yaya Mansur, wanda ke karatun likitan dabbobi a Yamai, ya yi mini bayani. Ya ce mafitsara in ta cika, saƙo take aikawa ta cikin lakar ƙashin baya zuwa ƙwaƙwalwa, amsa ta dawo ta nan: riƙe, ko saki. Wani sinadari mai suna gulutamet ne ke miƙa saƙon daga jijiya zuwa jijiya, kuma akwai wasu ƴan ƙofofi da ke karɓarsa. In lakar ta ji rauni, saƙon sama ba ya isowa, sai mafitsara ta riƙa yin gaban kanta. Na ce, wato Robine ba mara kunya ba ne, rezo ne babu, kamar wayar salula a daji. Da Kaka na nan da ya yi dariya har hularsa ta faɗi.

Amma da ya ga abin da ake yi yau, ba zai yi dariya ba. Har yanzu duk jajibirin salla raguna na wucewa a lanƙwashe bisa moto, wuya na lilo, ba mai cewa uffan. Wannan ya fi warin Robine tayar mini da zuciya.

Akwai abin da ya fi shi ma. A ciwonsa na ƙarshe, Kaka shi ma ya kasa riƙewa. Kawu Sale, ɗansa na fari, daga bakin ƙofa yake gaishe shi, hannu a hanci. Kaka yana gani. Sai ya juya fuska ga bango.

Makon jiya Kawun nan ya shigo da mahauci, wai warin ya isa haka. Na tsaya gaban turke da bokitina.

"Ke Rabi, mi kike yi? Matsa."

"Kawu, gadona ne."

"Ke da kike zaginsa kullum?"

"Zagina ne, ragona ne. Kai ka taɓa wanke shi?"

Mahaucin ya duƙa zai taɓa ƙirjin ragon, Robine ya cika masa takalmi da fitsari. Ya fita yana salati, Kawu ya bi bayansa. Inna ta ce in an sake zuwa, sai mu kai shi lambun ƙanwarta a Jiratawa.

Kaka angona, sunanka na cikin waɗanda ake yi wa addu'a a masallaci, ana cewa kai mutumin kirki ne. Ni ban san wannan ba sai da safe, in na tsuguna inda kake tsugunawa. Har yanzu ina toshe hanci. Amma a gaban Robine na daina.